Kafin ka canja kwantirolar injin ƙyanƙyasarka, auna batirinka



Tambayar da ta fi yawa a 'yan kwanakin nan ita ce: wace kwantirola ce mai kyau, irin wadda ake haɗawa da waya, mutum yana kasuwa ko yana kwance a ɗaki yana ganin zafin injin ƙyanƙyasarsa? Kusan duk mai wannan tambayar, in ka ɗan tona, za ka tarar ƙwai ne suka lalace masa kwanan nan. Ya zuba kiret goma, ya jira kwana 21, abin da ya fito bai cika kwali ɗaya ba. Ya duba hagu ya duba dama, bai ga wanda zai ɗora wa laifi ba sai ɗan akwatin nan mai jajayen lambobi da ke gaban injin.

Ra'ayina a kan wannan ba zai yi wa masu sayar da kaya daɗi ba. A cikin kwantirolar da aka kawo mini a nan Sakkwato aka ce sun mutu, waɗanda suka mutu da gaske kaɗan ne. Sauran yunwa ce ke damunsu. Wutar da ake ba su ce ba ta isa, ko ba ta da tsafta, ko tana yankewa a daidai lokacin da mai injin ke barci. Kuma wanda ya cire tsohuwa ya sa sabuwa mai Wi-Fi a kan wannan wutar, abin da ya ƙara kawai shi ne baki ɗaya da za a riƙa ciyarwa.

Mu fara da abin da kwantirola take yi, don da yawa muna ba ta girman da ba ta kai ba. Akwai sensa, wato ɗan kan nan da ke ƙarshen siririyar waya, shi ke jin zafi. Akwai rile, wato makunnin da ke cikinta, wanda kake jin ya yi ƙas idan hita ta kama. Sai lambar da ka saita, misali digiri 37.5 ga ƙwan kaza. Zafi ya sauka ƙasa da lambar, ta kunna hita. Ya kai, ta kashe. Aikin ke nan, ko STC-1000 ce, ko ƙaramar W1209 mai bolt 12, ko XM-18 da ke haɗa zafi da danshi da juya ƙwai. Ita kuma mai wayon, wadda ake kallo ta manhaja irin Smart Life ko eWeLink, aikin nan dai take yi, sai ta ƙara da aiko maka labari a waya. Ba ta ƙirƙirar wuta, ba ta kuma ajiye ta.

Kada a ɗauka matsalar tamu ce mu kaɗai. A Amurka akwai wata kwantirolar ɗumama gida mai suna Nest, wadda Google ya sayi kamfaninta a 2014 kan dala biliyan 3.2. A watan Janairun 2016, tsakiyar sanyinsu, mutane da dama sun farka sun tarar da gidajensu kamar firij, saboda wani sabunta manhaja da aka tura ya riƙa zuƙe ɗan batirin da ke cikinta har ta mutu. Sai da mutane suka cire ta daga bango suka yi mata caji da igiyar USB. Ko ba wannan ba, ƙorafin da aka saba ji a kan irin waɗannan na'urori shi ne na wuta: gidan da ba a ja masa wayar da ke ba kwantirola wuta a kai a kai ba, sai na'urar ta riƙa tsotsar 'yar wuta daga layin hita, batirin ya yi ta raguwa, ta kashe Wi-Fi don ta rayu, daga baya ta yi shiru gaba ɗaya. Ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa ke nan. To ina ga mu?

Mu wutarmu kashi uku ce: ta NEPA, ta janareto, sai ta batir da sola. Kowace da irin cutar da take yi wa kwantirola.

Ta NEPA kowa na kuka da ɗaukewarta, amma ni wadda ta fi ba ni tsoro ita ce wutar da ta zo ba ƙarfi. Ɗaukewa kana gani, ka tashi ka yi dabara. Mara ƙarfi kuwa ƙwan fitila na ci, lambobin kwantirola na haske, kai kana ganin komai lafiya. Ga lissafin da ya kamata kowane mai injin ya riƙe: zafin da hita ke bayarwa ba ya raguwa daidai da raguwar bolt, ya fi haka faɗuwa. Hitar da aka ƙera don bolt 220, idan ta samu 180 kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinta take bayarwa. Idan ta samu 160, rabi da ɗan kaɗan. Wato hitarka mai wat 300 ta koma ta wat 160 ba tare da ta gaya maka ba. A daren hunturu sai ka ga injin ya maƙale a 35, fitilar hita a kunne tun magariba, ya kasa hawa. Mutum ya ce kwantirola ta lalace, alhali ita ta yi nata, ta kunna hita, hitar ce ba ta da abin ci.

Abu na biyu da wuta mara ƙarfi ke yi ya fi wannan muni. Rile yana buƙatar ƙarfi kafin ya kama ya riƙe. Idan wutar na rawa sai ya riƙa kamawa yana saki, ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana buga haƙori. Duk kamawa ɗaya ɗan tartsatsi ne ke tashi a bakinsa. Yau da gobe bakin ya ƙone, wata rana ya manne. Rile ya manne kuwa, hita ba ta sake mutuwa. Kwantirola za ta nuna 39, 40, 41, ta kashe fitilarta alamar ta ba da umarni, amma hita na nan na ci. Ƙwai na iya jure sanyi na wasu awanni, sai dai ƙyanƙyasa ta ɗan yi jinkiri. Zafin da ya haura 40 ya zauna 'yan awanni kuwa, dafawa ce. Duk wanda ya taɓa jin wannan ƙarar a injinsa, dan Allah kada ya ce ai ta daina da kanta.

Maganin wannan ba tsada gare shi ba, kuma shi ne abin da nake roƙon kowa ya yi tun kafin ya yi tunanin Wi-Fi: a sa kwantirola ta biyu a kan layin hita, a jere da ta farko, a saita ta a kan 38.5 ko 39. Ba ta aikin komai sai ranar da ta farko ta manne, ranar ce za ta yanke wutar. Sannan stabilaiza, da ɗan akwatin nan da ake sa wa firij mai jinkirta wuta na 'yan mintoci idan an kawo, saboda wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan ɗaukewa ita ke ƙona allon ciki.

Wani zai ce ai shi layinsu mai kyau ne. To madalla. Tun Afrilun 2024 da hukumar NERC ta kai kuɗin wutar 'yan Band A naira 225 kowane yunit, alƙawarin da aka yi musu awa 20 ne a rana. Ko an cika shi cif, awa 4 na nan a buɗe, kuma ba kai ke zaɓen wace awa ba ce. Ballantana ranar da babban layin wutar ƙasa ya faɗi, abin da ya faru sau da yawa a 2024, wanda ba ruwansa da layin wa ya fi kyau. Ƙwan kaza kwana 21 yake so ba yankewa, na salwa 17 zuwa 18, na zabi 26 zuwa 28, na talotalo 28. Babu layin da zai yi maka rantsuwa a kan wannan.

Janareto ba sai na daɗe a kansa ba. Ƙaramin nan idan aka ɗora masa firij ko injin jan ruwa tare da injin ƙyanƙyasa, duk sanda babban ya tashi sai wutar ta nutse, kwantirola ta mutu ta sake tashi. Kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kwana da janareto har asuba ya zama abin da lissafin 'yan tsaki ba ya ɗauka.

Shi ya sa kowa ya koma batir, kuma a nan ne gizo ke saƙa.

Kwanaki wani dattijo mai kiwon zabi daga wajen Dange ya zo mini da kwantirola a leda. Ya ce, “Ɗana, wagga ta ukku ke nan da nis saya, dut ba su da kirki. Da dare ya raba sai ta riƙa mutuwa tana tashi.” Na ce, “Baba, a bar ta tukuna, mu je mu gaida batir ɗin.” Muka sa mita a kansa babu kaya, ya nuna 12.4, Baba ya ce ka gani, lafiya lau yake. Na ce a kunna injin. Hita na kamawa lambar ta gangaro ƙasa da 11, inbata ta yi kuka ta yanke. Tana yankewa nauyi ya sauka, batir ya farfaɗo, inbata ta dawo, kwantirola ta tashi ta kunna hita, aka sake faɗuwa. Haka suke kwana suna yi. Kwantirola uku ya saya saboda batir ɗaya da ya gaji.

Abin da nake so a ɗauka a nan: batir ba a auna shi yana hutawa kawai, a auna shi yana ɗauke da kaya. Batirin ruwa mai bolt 12 idan ya cika ya huta yana nuna wajen 12.7. Idan ya nuna 12.2 rabi ya tafi. Ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. Yawancin inbata suna yankewa a wajen 10.5. Batirin da ya mutu zai iya nuna maka 12.5 da safe saboda sola ta ɗan shafa masa caji a sama, amma minti biyu da ɗora masa hita sai ya durƙushe. Mita ba ta kai kuɗin kiret ɗaya na ƙwan ƙyanƙyasa mai kyau ba, kuma duk mai gyaran rediyo zai koya maka aiki da ita a zama ɗaya.

Na litiyom kuma halinsa daban. Lambarsa kusan a tsaye take, wajen 13, daga cikarsa har ya kusa ƙarewa, sannan allon tsaron da ke cikinsa ya yanke wuta lokaci guda, ba gargaɗi. Mai irinsa ya dogara da abin da ke nuna kashi nawa ya rage, kada ya dogara da bolt.

Yanzu mu yi lissafin da da yawa ba ma yi kafin sayen injin. Mu ɗauka kana da batir 200Ah mai bolt 12. A takarda wat 2,400 ke nan na awa ɗaya. Batirin ruwa in kana son ya yi shekaru ba a cin fiye da rabinsa, saura 1,200. Inbata ta ci nata ladan, mu ce saura 1,000. Mu ɗauka injinka mai ƙwai 528 ne, hitarsa wat 300, fankarsa wat 40. A daren sanyi hita na aiki kamar rabin lokaci, wato 150, a haɗa da fanka ya kusa 200. Raba 1,000 da 200: awa 5. Aka ɗauke wuta ƙarfe 10 na dare, ƙarfe 3 batir ya gama nasa. Sanyi kuma gab da asuba ya fi tsanani. Wannan ma sabon batir ne da ya cika, kuma ba a jona masa talabijin da cajin wayar gida duka ba. Ka sa lambobin injinka a wurin nawa ka ga abin da zai fito maka.

Amma dubi wani abu a cikin lissafin nan. Fanka ita kaɗai wat 40, batirin nan zai riƙe ta awa 25. Ita kwantirola ba ta kai wat 3 ba. Hita ce mai cin abinci. Don haka babban kuskuren da ke cikin yadda muke haɗa waya shi ne ɗora su duka a kan layi ɗaya, ta yadda hita za ta cinye batir ta kashe fanka da kwantirola tare da kanta. A raba su. Fanka da kwantirola su samu layinsu, in da hali da ɗan batirinsu daban. Idan dare ya yi nisa ka ga batir na sauka, ka cire hita da hannunka, ka rufa wa injin bargo ba tare da ka toshe ramukan iska ba, ka sa gorunan ruwan ɗumi a ƙasa, fanka ta ci gaba da juya iska. Kada a kai garwashi kusa da ramin iska, hayaƙinsa na kashe ɗan tsakon da ke cikin ƙwai.

Sai abubuwan da ke kashe batir a garin nan tun kwanansa bai ƙare ba. Na farko zafi. Masu ƙera batirin ruwa suna auna rayuwarsa ne a kan digiri 25, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin kusan digiri 10 yana raba rayuwarsa biyu. Ka tuna ɗakin kwano a Mabera ko Arkilla da azahar a watan Afrilu, sannan ka tuna a nan ka ajiye batirinka, a jikin bangon da rana ke duka. Na biyu ruwa: mai dogayen marufai a sama yana shan ruwa sosai a bazara, kuma ruwan batir ake zuba masa, ba na leda ba, ba na rijiyar burtsatse ba. Na uku batirin mota. An yi shi ne ya ba da ƙarfi na daƙiƙa kaɗan ya tada inji, ba ya kwana yana ciyar da hita ba; 'yan watanni zai yi maka ya kwanta. Sai siririyar waya da kan batir mai farin gari. A bolt 12, wat 150 kawai ya haura amfiya 12, siririyar waya za ta yi zafi ta cinye wutar a hanya, batir na nuna 12.5 amma abin da ke isa injin bai kai ba. Ka auna a kan batir, ka auna a bakin injin, bambancin zai gaya maka gaskiya. Ƙurar hunturu a kan faifan sola kuwa, tsumma da ruwa da sassafe sun wadatar, amma sai a yi sati ba a hau an goge ba ana mamakin batir ba ya cika.

Inbata mai araha, wadda wutarta ba ta da santsi irin ta NEPA, ita ma tana da nata. Hita ba ruwanta, za ta ci. Fanka ce za ka ji tana gurnani tana zafi, motar juya ƙwai na cijewa, wasu kwantirolar kuma lambobinsu su riƙa tsalle.

To mu dawo kan mai wayon. Abin da ya fi damuna da ita shi ne kwanciyar hankalin da take sayar maka. Ka buɗe waya ƙarfe 2 na dare ka ga 37.6, ka ce alhamdu lillahi ka juya. Ba ka lura da cewa wannan lambar tun ƙarfe 11 aka turo ta ba. Wuta ta yanke, kwantirola ta mutu, ɗan akwatin Wi-Fi da ke jone a soket ɗaya da ita shi ma ya mutu, manhaja ta tsaya a kan lambar ƙarshe da ta ji, da wani ɗan rubutu a gefe da mai barci ba ya gani. Ƙararrawar da aka ce za ta tashe ka idan zafi ya sauka, wa zai turo ta? Mai gadin da ɓarawon suka faɗi tare. Wasu manhajojin suna da saitin sanar da kai idan na'ura ta ɓace daga layi, amma sai ka shiga ka kunna shi da kanka, kuma ba nan take yake zuwa ba.

Gwajin mai sauƙi ne, kuma a yi shi babu ƙwai a ciki. Zare filogin injin, ka riƙe wayarka, ka duba agogo. Minti nawa kafin wayar ta yi ƙara? In ba ta yi ba sam, ka san abin da ka saya. Sannan ka mayar da wuta amma ka kashe Wi-Fi: tana ci gaba da kunna hita da kashewa da kanta, ko sai da intanet take tunani? Akwai masu yi, akwai waɗanda ke tsayawa a yadda aka bar su, kuma wadda ta tsaya da hita a kunne ta gama da kai. Na uku, bayan wuta ta dawo, ta koma kan saitinka ko ta tashi a kashe tana jiran ka danna? Wanda zai sayar maka in bai iya amsa waɗannan ukun ba, ya bari ka gwada a shagonsa.

Su ma ƙananan ma'aunan nan marasa waya da ake jefawa cikin injin, masu ɗan batir kamar kwabo, CR2032 ko LR44, zafi da danshin injin na cinye batirinsu da wuri. Kafin su mutu sukan fara ƙarya, musamman a lambar danshi. Sai mutum ya ga danshi ya sauka ya yi ta ƙara ruwa, alhali injin na kan daidai, wajen kashi 55 cikin ɗari a kwana 18 na farko, sannan 65 zuwa 70 a ukun ƙarshe. Ni nakan canja musu batir duk sanda zan zuba sababbin ƙwai, ko da suna haske.

Idan kwantirola ta yi wani abu, ka saurari abin da take faɗa kafin ka cire ta. Allon ya yi duhu gaba ɗaya: fiyus, filogi, waya, batir. Ta rubuta EE in STC-1000 ce, ko LLL in W1209 ce: sensa ne ya tsinke ko ya kwance, wani lokacin ɓera ne ya ci wayar, kuma sensa ake canjawa shi kaɗai. Fitilar hita a kunne amma hita da sanyi: ko hitar ta ƙone ko rile. Tana mutuwa tana tashi daidai lokacin da hita ta kama: batir ko siririyar waya, kamar na Baba. Don sanin ko lambar da take nunawa gaskiya ce, sayi ma'aunin zafin jiki na gilashi a kemis, ka kaɗa shi ya sauka, ka ajiye shi daidai tsayin saman ƙwai. Shi ba ya sauka da kansa, don haka da safe zai nuna maka mafi girman zafin da injin ya kai cikin dare. Ba batir, ba data. A dai kula kada ya fashe a ciki.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu 'yan Sakkwato, wanda takardar da ke cikin kwalin injin ba ta san da shi ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana na wuce digiri 40. Injin na neman 37.5, ɗakin da yake ciki ya fi haka zafi. Kwantirolar da hita kawai take iya kashewa ta kashe ta tun hantsi, ba ta da sauran abin yi, sai kallo. Ƙari a kan haka, daga mako na biyu zuwa sama ƙwai da kansu suna fitar da zafi, kuma a babban inji mai 528 ko 1,056 wannan zafin ba wasa ba ne. A irin wannan lokaci in wuta ta yanke, hatsarin yana wurin fanka: tana tsayawa zafi ya taru a tiren sama ya kashe su. Wanda ya ɗauko dabarar hunturu ya rufa bargo a watan Afrilu ya yi wa kansa. A bazara ƙofa ake ɗan buɗewa, a rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, a yayyafa ruwa a ƙasa, tun farko kuma a nemi ɗakin ƙasa ko mai silin da rana ba ta duka. STC-1000 na da baki biyu, na ɗumamawa da na sanyaya. Mutane da yawa sun bar na sanyayawan a banza, alhali ƙaramar fanka mai fitar da iska waje za a jona masa.

Masu kifi, ku ma abin ya shafe ku. Ƙwan tarwaɗa a ruwa mai digiri 28 zuwa 30 kusan kwana ɗaya yake ƙyanƙyashewa, shi ya sa ake sa hitar ruwa a hunturu. Ɗumama ruwa ya fi ɗumama iska cin wuta nesa ba kusa ba, kuma in hitar ta cinye batirin da ke riƙe injin ba da iska ko famfon da ke zagaya ruwa, 'ya'yan kifin rashin iska zai kashe su tun sanyi bai taɓa su ba. Nan ma a raba layi.

Na san akwai mai cewa, to kai kana nufin ta Wi-Fi ba ta da amfani? Tana da shi. Ma'aikacin da ke ofis a cikin gari gonarsa na Kwannawa ko hanyar Wamakko, yaro ya bar wa injin, ganin lamba a waya ya fi rashin gani. Kuma abin da na fi so a jikinta shi ne zanen tarihin zafi da take ajiyewa. In ka duba shi da safe ka ga kullum ƙarfe 3 da rabi layin ke gangarowa ko ya yanke, ta nuna maka awar da batirinka ke ƙarewa, abin da da sai ka kwana a zaune za ka sani. Rigimata a kan jeri ce. Mita da ma'aunin gilashi, kwantirolar tsaro ta biyu, stabilaiza, batirin da aka yi wa lissafi, raba layin fanka, sannan Wi-Fi, ita ma da ɗan batirinta daban wanda ba ya mutuwa tare da injin.

Akwai kuma mai cewa batirin da nake magana ya fi injin kansa tsada. Gaskiya ne, sau da yawa haka ne. Amma amsar wannan ita ce a sayi injin daidai wutar da ake da ita. Ƙaramin inji mai baki biyu, na 220 da na bolt 12, wanda ke komawa batir da kansa ba sai da inbata ba, ya ƙyanƙyashe maka ƙwai 60 cikin 80, ya fi katafaren da zai ba ka 100 cikin 528. Iyayenmu da ke sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai da damina sun san iyakar abin da kaza ɗaya ke rufewa, ba sa ƙara mata. Su kuma masu haɗa injin a gida suna sayarwa, ya kamata su riƙa rubuta wat ɗin hita da na fanka a jiki. Mai saye ya tambaya, in an ce ba a sani ba a buɗe baya a duba tare.

Zabi sun kusa fara zuba ƙwai, kuma na san da yawa za su cika injin a makonnin farko na damina. Kafin ka zuba ko ɗaya, kunna injin babu komai kwana biyu cur. A dare na biyu ka kashe wutar NEPA da hannunka ƙarfe 10, ka bar shi a kan batir kamar yadda zai kwana ranar da aka ɗauke. Ajiye takarda da biro kusa, ka rubuta bolt ɗin batir da zafin injin ƙarfe 10, ƙarfe 1, ƙarfe 3 da bayan sallar asuba. In inbata ta yi kuka kafin kiran sallar farko, ko ka rage abin da ke kan batirin, ko ka raba layin fanka, ko ka ƙara batir, sannan ka maimaita gwajin dare na gaba.